Laba Goma Sha Ɗaya

Tun da wuyan hannuna ya fara yi mini gardama
na rage wa harsashina albarushi.
A ɗakin ƙasa, ƙarƙashin gidanmu na Třebíč,
inda Květoslava ke jera kwalaben kabeji mai tsami,
nake zama da sikeli da ɗan cokali,
ina auna gari ƙwaya-ƙwaya
kamar mai haɗa wa jariri magani.

Ita bindiga ba wanda ya kai mata labarin tsufana.
Sifirin ɗinta na kamfani, laba goma sha shida,
an murɗa shi ne don harsashi mai zafin kai.
Nawa kuwa sallama yake yi kafin ya fita.

Ran Asabar, a tsohon ramin fasa dutse,
agogon alƙalin gasa ya yi ƙara, na ɗaga, na taɓa kunama.
Ɗaya. Biyu. A na uku
ƙarfen sama ya ja baya rabin hanya ya fasa tafiya,
kwanso ya maƙale a taga, baki sama,
tsaye cak kamar bututun hayaƙi.
Daƙiƙa huɗu na yi ina ɓanɓararsa.
Yaran da na koya wa riƙon bindiga suka kau da kai don kunya.

Bořivoj Vondruška bai ce mini sannu ba.
Ya ce, Radomír, bar kallon allo, dubi ƙasa.
Ina kwansonka ke faɗuwa?
Na duba. Ga su nan kan takalmina,
sun taru kamar 'yan tsaki a gindin uwa.
Ya ce, sifirin ya fi ƙarfin harsashinka.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Ya zazzage mini gwangwanin taba a kan benci,
kowane sifirin da ɗigon jan farce a wutsiya,
na matarsa, wadda ta rasu bara waccan.
Shuɗi goma sha uku. Ja goma sha ɗaya.
Ruwan hoda tara.

Na yi zalama, na sa tara.
Kwanso ya tashi ya haye shingen katako,
ƙarfe ya daki ƙarfe, na ji shi har a haƙori,
sannan a dawowa ya yi kasala,
bai rufe ruf ba, saura kaurin farce,
sai da babban yatsa ya tura shi gida.

Sha uku ta yi aiki, amma da ƙyar,
hancin bindiga na dungurawa ƙasa duk rufewa,
ina ɗago shi kamar kan mai gyangyaɗi.
Na loda harsashi guda tak, na sassauta riƙo da gangan.
Ƙarfen bai tsaya a buɗe ba. Bořivoj ya yi tsaki.

Ja, to.
Na harba goma, ban ƙirga da baki ba.
Tsinin saiti ya ɗaga, ya dawo inda na bar shi,
ya sake ɗagawa, ya sake dawowa,
kwanso na sauka taku biyu a damana,
wuri guda, har hula za ta iya rufe su.

Ban ci gasar kaka ba. Na zo na goma sha tara,
wata yarinya daga Jihlava ta share mu duka.
Amma ba abin da ya maƙale,
kuma da dare na riƙe cokalin miya ba rawar hannu.

Na kai wa Bořivoj kuɗin sifirin, ya ƙi karɓa.
Ya ce in ya gaji, bayan harbi dubu kaɗan,
in sayi sabo a kanti,
tsohon kuwa in dawo masa da shi.
Kada in goge jan.